Mu Mayar da Laka Ɗakinta

Mai girma shugaban taro, Haji Baharuddin. Dagacinmu Andi Tenri. Iyayenmu mata masu shanyar kifi. 'Yan'uwana masu tafkunan jatan lande. Jama'ar bakin kogi baki ɗaya, assalamu alaikum. Na gode da kuka amsa kira, kowa da bokitinsa.

Da farko, mu tuna yadda aka yi. Da aka ce gwamna zai ziyarce mu, kwamitin tarba ya yanke hukunci cewa lakarmu tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, hancin manya kuwa bai saba ba. Aka kwaso ta daga ƙarƙashin ruwa, aka jibge ta a gaɓa ta sha iska, har ɗan'uwanmu Daeng Marewa ya juye mata turaren matarsa.

Na biyu, ta sha iskar. Baƙar laka ta koma ja, ruwan sama ya wanko ta cikin tafkuna, jatan landena suka taso ciki sama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kai wa Malama Rosmiati ta jami'a samfuri, ta ce mini, "Kawu, ƙarfe ne da farar wuta suke barcinsu a ciki, kuka tashe su. Iska ta taɓa su, ƙarfen ya yi tsatsa, ruwan ya yi tsami, tsamin ya narko sauran ƙarafa. Suna haɗuwa da ruwan gishirin teku sai su dunƙule su kwanta a ƙofarku." Na ce, "To turaren fa?" Ta ce, "Kawu, tashi ka tafi gida."

Garin neman gira mun rasa ido. Gwamnan kuwa da ya zo, mura yake yi.

Na uku, tafki ɗaya ya rage mini, ga hadari can ya haɗo. Saboda haka yau za mu mayar da laka ɗakinta, mu lulluɓe ta da ruwa, mu ba ta haƙuri. Daeng Marewa zai yi magana a madadinmu, tunda shi ya fi kusa da ita. Kada wanda ya toshe hanci a gabanta, mun ci mutuncinta sau ɗaya, ya isa.

Allah ya kwantar da ƙarfe inda ya ajiye shi, Allah ya tsare tafkunanmu, Allah ya dawo mana da warinmu lafiya. Duk babban baƙon da zai sake zuwa, Allah ya sa ya zo da murarsa.

Ku ɗauki bokitai. Na gode.