Wuyan da Alƙali Ya Kasa Aunawa

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Ceto.

Wanda bai san ni ba, ya tambaya daga Gwandu har Kalgo. Ni ne Bulus ɗan dako, mai ɗora mangul huɗu na gishiri a ka, jakai suna kauce mini hanya don kunya. Wuyana ya fi turmi ƙwari!

To, shekarar da mota ta fara shigowa ƙasarmu, wani attajirin fata ya ɗauke ni in hau bayan motarsa in tsare kaya. Kusa da Dangoma direba ya kauce wa saniya, ya auka rami. Saniya ta tsira lafiya. Ni na sauka da ka.

Na tashi wuya a sandare, ko faifai ba na iya ɗorawa. Ɗan dako ba wuya! Ga 'ya'ya biyar suna kallona.

Na kai ƙara neman diyya. Alƙali ya duba ni, ya ce, "Ina jini? Ina ƙashin da ya karye?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ciwon na ciki ne."

Ya ce, "Abin da ke ciki ba ni da ma'auninsa."

Nan Shaiɗan ya same ni. Na je wurin wanzami ya tsattsaga mini ƙeya, na ɗaure da tsumma, na koma na ce rauni ya fashe. Alƙali ya ɗaga tsumman, ya ce, "Motar wanga mutum ta iya wanzanci! Har a jere ta yi maka tsagar?"

Aka kwashe da dariya. Attajirin ya fi kowa.

Wata bakwai ina kwance ina tsine masa, furar matata Lami ke riƙe da gida. In motar ta wuce, ko hararar ta ba na iya juyawa in yi. Wayyo, baƙin ciki!

Sai Baba Yohanna, tsohon kukun attajirin, ya zo. Daga gidan can shi kaɗai ya taɓa ce mini sannu. Ya dafa ƙeyata ya yi addu'a da sunan Yesu. Na fashe da kuka, na ce, "Ya Ubangiji, an cuce ni, ni ma na yi ƙarya. Ka gafarta mini."

Kwana uku, akuya ta ɓarar da tukunya a bayana, na waiwaya zan zage ta. Na waiwaya, jama'a! Haleluya!

Diyya, ko anini ban gani ba. Attajirin yana wucewa a motarsa har yau, ƙurarsa ce gaisuwata. In na ce abin ba ya mini zafi, na sake yin ƙarya. Amma ciwon da alƙali ya kasa aunawa, Allah ya gan shi. Na gode masa! Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kada ku bi ta wurin wanzami.

Jiya na ce wa Lami na kusa komawa mangul huɗuna.

Ta ce, "Maigida, tun aurenmu, mangul biyu na sani. Sauran biyun da baki kake ɗaukarsu."