Kusurwar Gonar da Ba a Nomawa

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da wannan shiri na rediyo. Ni ce Inna Tabawa, daga wani ƙauye gefen Makoda. Maƙwabciyata Malama Rabi ke rubuta mini.

A gonarmu akwai kusurwar da marigayi maigidana bai taɓa sa wa fartanya ba. Nan aka binne 'ya'yana biyu na fari, tun ba a yi suna ba. Ka san kunyar ɗan fari, ban taɓa ambatonsu ba. Duk damina in ciyawar ta yi fure, sai malam-buɗe-littafi farare su taru su kwanta a ƙasa, wuri biyu, daidai tsawon jinjiri. Kurciya ma in ta sauka nan ba ta kuka.

Yanzu autana Sani ya sayo maganin feshi. Wai, "Inna, gona ta yi mana kaɗan, ciyawa za mu ci?"

Jiya na dogara sanda na je kusurwar duba malam-buɗe-littafin. Malam, wuri uku suka kwanta. Na ukun dogo ne. Na gwada da sandata, tsawona ne cif.

Jama'a, in gaya wa Sani ko in yi shiru? Asabar zai fesa.

Rabi, ajiye biron nan, na gaji.