Zoben Babansa

Cunkoson Bata ya tsare adaidaita sahun da muke ciki. Wata hajiya ta kashe waya tana huci, dattijon da ke gefena ya ce, "Lafiya, Hajiya?"

"Ina fa lafiya! Wani malami a makarantar koyon sana'a ya kori ɗana daga ɗakin injuna, wai don ya sa zobe. Zoben marigayi babansa! An ce ma ba malamin kirki ba ne, leburan kamfani ne."

"Ba lebura ba ne. Shekara ashirin ya yi a kan inji."

"Au, ka san shi?"

"Sau uku ya ce wa Abdulƙahhar ya cire, ya ƙi."

"Wa ya gaya maka sunan ɗana? Kai ne ke nan! Wallahi gobe sai na kai ƙararka."

"Ki kai, Hajiya. Ni a kamfani babu wanda ya ce mini in cire nawa. Shi ya sa na dawo aji."

Ya zaro hannunsa na dama daga aljihu. Yatsu uku suka rage.

"Nawa ma na babana ne."