Wufa ta Biyu

A wani shagon kayan sauti da ke Titin Bauchi, wani mai saye yana jujjuya wufa, sifikar nan mai rugugi. Wata mata da ta kawo gyaran rediyo tana zaune a benci tana hararar sa.

"Oga, na ji ka ce ta biyu ce. Ɗaya ba ta ishe ka ba?"

"Madam, ina ruwanki? Waccan a kusurwar falo take, rugugin ba ya isowa kujerata. Wannan da bangon baya zan jingina ta."

"Bayan bangon babu mutane?"

"Falona ne, kayana ne!"

"Halinku ɗaya da wani marar imani da ya tare kusa da mamata a Katako. Ranar Lahadi ya sa fim ɗin yaƙi, bango ya dinga girgiza. Tsohuwa ta ɗauka rikici ne ya dawo. Ta fita da gudu ba ko takalmi, ta faɗa kwata. Matar da aka taɓa ƙona wa gida!"

Mutumin ya ajiye wufar a hankali.

"Allah sarki. Ƙafar tata ta yi sauƙi?"

Matar ta miƙe tsaye.

"Wa ya ce maka ƙafa ce?"