Sakatare a Bisa Kaina

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka albarka. Daga Argungu nake rubutowa, ni shugaban wata ƙungiyar manoman shinkafa, wanda ilimin zamani ya ci wa zarafi.

Wata injiniya a Badariya ta gina mana shafin intanet mai daidaita kansa da kowane allo. Ban musa amfaninsa ba, domin manomi yana tsaye cikin fadama zai karanta ranar rabon iri ba wahala. A kwamfuta hotunanmu uku sun jeru yadda al'ada ta tanada, ni a tsakiya, mataimaki da sakatare a gefe.

Da na buɗe a waya, sai na tarar hotunan sun hau kan juna. Sakatare, wanda na ci naman sunansa, yana bisa kaina, takalminsa daf da hulata.

Na kira injiniyar. Ta ce, "Baba Alhaji, waya ba ta san girma ba, hwaɗin allo ta sani. Sai an kwantar da ita kuke komawa jere."

'Yan kwamiti sun ce in haƙura. Ba zan haƙura ba, kuma ba zan rufe shafin da manoma ke buƙata ba. Hukuncina shi ne, duk mai buɗe shi ya kwantar da wayarsa tukuna, kamar yadda ake durƙusa wa babba.

Masu sauraro, mai wata dabara ya taimaka. Ina gaida abokaina na Augie da dukan 'yan kwamiti, ban da sakatare, har sai ya sauko.