Ba a ba Yaya magani ba

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Hafsatu ce daga Kebbe, bana na gama jami'a.

Ranar Laraba da hantsi na raka yayata asibiti a Tambuwal. Gwaji ya nuna tana da ƙwayar cutar HPV. Likita ta ce jikin yawancin mata yakan kore ta da kansa, amma idan ta daɗe tana iya jawo kansar bakin mahaifa. Ta ce a dawo baɗi.

A gida Inna ta ce, "Ba magani? To lafiyarta lau, mai digiri. Ba inda za ta koma."

Ban san yaushe Yaya ta kamu ba, ban san ko za ta rabu da ita ba, ban san yadda zan shawo kan Inna ba. Don Allah ku yi bayani, kullum Inna tana sauraron shirin nan.