Sunan da Na Tsallake a Takardar Gadon Baba

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, mata da maza, har da ku na baya da kuke hira. Ku yabi Ubangiji!

Sunana Saratu, matar marigayi Bulus. Masu sayen masara a wurina a kasuwar Muda Lawal sun san ba ni da dogon haƙuri. To yau ku ne za ku yi haƙuri da ni, domin maganar nan har yanzu in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Gidan da nake ciki da 'ya'yana uku na surukina ne, Baba Yohanna. Tun yana da rai ya faɗa a gaban dangi cewa gidan na Bulus ne, gonakin ƙauye kuma na sauran. Da baki ya faɗa. Ya rasu, aka yi makoki, kowa ya watse, ba wanda ya leƙa kotu. Kullum ina ce wa mijina, "Baban Dauda, je ka gyara takardar nan." Shi kuma ya ce, "Haba Saratu, wa zai kore ni daga gidan ubana?" Bayan shekara biyu shi ma Ubangiji ya kira shi.

Ban gama karɓar gaisuwa ba sai ga ƙanensa Iliya da dillali suna auna tsakar gidana da ƙafa. A gabana fa! Dattawan dangi suka zauna suka yanke: in na fito da takardar kotu kafin Kirsimeti, gida ya zauna mana. In ban fito da ita ba, a sayar a raba.

Na je wurin lauya, na ji abin da ya yanka mini, na ɗauki jakata na ce sai anjima. Na ce da ƙafata zan yi.

A ofishin gado na kotu na sami wani ma'aikaci mai gilashi, mai magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Ya ce, "Madam, gado biyu ne a hannunki. A takarda gidan nan bai taɓa zama na mijinki ba. Sai an buɗe fayil ɗin Baba, gida ya sauko kan mijinki, sannan a buɗe na mijinki, ya sauko kanki da yara."

Na ce, "Wato matattu biyu zan bi wa layi?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa."

Wayyo, 'yan'uwa! Kawo takardar mutuwa, na kawo. A'a, ta Baba muke nufi. Baba a ƙauye ya rasu, ba asibiti, sai da na je can aka tono mini littafin jana'izar majami'a. Kawo hoto, kawo masu tsaya miki mutum biyu, dawo Talata. Talata oga ya tafi taro. Wata huɗu ina rufe rumfata da rana tsaka, masu keke har sun daina tambayata inda za ni.

Yanzu ga inda na yi laifi. Akwai wurin da fom ya ce a rubuta sunayen 'ya'yan mamaci. Na ɗauko takardar jana'izar Baba, wadda aka buga aka rarraba ranar bizo, na kwafe abin da ke ciki: ya bar 'ya'ya huɗu. Bulus, Iliya, Hannatu, Markus. Na ɗaga hannu a kotu na rantse a kai.

Amma Baba biyar ya haifa. 'Yar farinsa Rahila ta auri wani ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai tun kafin a kawo ni gidan, ta musulunta, ta koma Rabi. Daga ranar dangi suka daina kiran sunanta. Da aka zo buga takardar jana'iza aka tsallake ta, ba wanda ya ce uffan. Ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Ubangiji ba: na san da ita. Tsoro nake ji kada ta ji labari ta kai mu gaban alƙali ta nemi kasonta, gida ya tafi.

Cikin watan Nuwamba mai gilashin nan ya kira ni. Ya shimfiɗa takardu biyu a tebur ya ce, "Madam, a takardar fanshonsa Baba da hannunsa ya rubuta 'ya'ya biyar. Ke kin rantse huɗu ne. Ina ɗayar?"

Kun san wa ya sa takardar fanshon a fayil? Ni! Ni na bi layi na yi mata fotokwafi har biyu don kada a ce ban kawo ba. Ya ce fayil ɗin Baba ya tsaya, na Bulus ma ya tsaya a bayansa, sai ta biyar ta zo ta sa hannu. Ya ƙara da cewa rantsuwar ƙarya ba wasa ba ce.

Daga can ban koma kasuwa ba. Nan na zo, da rana, ba kowa sai mai shara. Na durƙusa a bencin can na uku. Ba addu'a na fara ba, faɗa na fara. Na ce, "Ubangiji, ka ɗauke mini miji, ka bar ni da Iliya, yanzu kuma ka haɗa ni da mai gilashi? Ka sa a yi masa canjin wurin aiki!" Haka na faɗa, Allah ya gafarta mini. Na yi kuka har na gaji na yi shiru.

A cikin shirun nan wata tambaya ta sauko mini a zuciya, na kuwa san ba tawa ba ce: "Saratu, in gobe Dauda ya bi hanyar da ba ki so, 'ya'yanki biyu ne ko uku?"

Dauda ɗan farina ne. Na ce, "Uku ne, Ubangiji." Na tuba a wurin.

Washegari na auna acca mudu biyu na hau keke zuwa Ƙofar Wambai. Na yi ta tambaya lungu lungu har aka nuna mini gidan. Na yi sallama, wata dattijuwa ta fito, fuskar Baba sak. Ta dube ni ta ce, "Matar Bulus ce? Shigo." Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta yi mini gaisuwar mijina, ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ni ko sunan ɗanta guda ban sani ba.

Na ce, "Yaya, na yi miki laifi." Na faɗa mata komai, har rantsuwar.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Ni da gadon Baba? Tun ranar da ya rasu malamai suka gaya mini ba ni da gado a wurinsa, tunda addininmu ba ɗaya ba. Da kin zo kin tambaye ni, ai da tuni kin huta."

Ku ji fa! Wata huɗu ina ɓoye wa mace abin da ko kyauta ba za ta karɓa ba!

Na miƙa mata fom da sauri. Ta ture hannuna. Ta ce, "Ba zan sa hannu a takardar da ta ce huɗu ya haifa ba. Ni na fara ce masa Baba. Je ki sake rubutawa, ki sa ni a farko."

Na sake, na koma na yi sabuwar rantsuwa, mai gilashi yana kallona ta saman gilashinsa. Ranar sa hannu ta zo kotu da hijabinta ta zauna kusa da Iliya. Ya fara gunaguni yana juya biro. Ta ce, "Iliya, ni na goye ka. Marayun ɗan'uwanka za ka fitar titi? Sa hannu." Ya sa. Haleluya!

Takardar Baba ta fito ana saura mako ɗaya Kirsimeti, dattawa suka ce ta wadatar, ba mai sayar da gida. Fayil ɗin Bulus har yanzu yana tafiya. Jibi ma zan koma, ku taya ni addu'a kada in zagi kowa.

Ranar da na karɓo takardar na kai mata ta gani. Ta ce abu ɗaya take roƙo, in bar ta ta shiga ɗakin Baba. Ta zo, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta zauna a bakin gadonsa. Na ja mata ƙofa na koma madafa.

'Yan'uwa, na roƙi Ubangiji ya cece mini gida, ya cece shi, ya kuma cire ni daga ƙaryar da na rantse a kanta. Duk mai wata takarda da ta tsaya masa, kada ya fid da zuciya, ya dogara gare shi, ya kuma faɗi gaskiya ko tana ba shi tsoro. Ni da 'ya'yana muna cikin gidanmu. Godiya ta tabbata ga Yesu. Amin!